Looker Studio, Power BI ko Metabase: wacce za ta riƙe maka allon bayanan talla?

Tambayar mai kasuwa ba ta da tsawo: "Malam, kuɗin da muka zuba a talla watan jiya, me suka kawo?" Google Analytics, mai ƙirga masu shiga shafinka, yana riƙe da wani yanki na amsar, Meta, kamfanin Facebook da Instagram, na riƙe da wani, ragowar kuma tana cikin littafin ciniki ko wayar yaron shago. Aikin allon bayanai, wanda 'yan harkar ke kira dashbod, shi ne tattaro waɗannan a shafi guda, yadda Alhaji zai buɗe da safe ya san inda aka kwana ba sai ya kira kowa ba.

Manhajojin wannan aiki suna da yawa, amma uku ne ƙaramin kamfani ko matsakaici zai fi cin karo da su: Looker Studio ta Google, Power BI ta Microsoft, sai Metabase, wadda kowa zai iya saukewa ya ɗora a sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe masa shafi ko manhaja. Akwai Tableau, wadda Salesforce ya saya a 2019, ta kuma yi suna wajen kyan zane, sai dai kuɗin lasisinta ya sa na ajiye ta gefe. Duka ukun suna zana jadawali mai kyau, don haka kada kyan launi ya ruɗe ka. Abin da ya raba su shi ne inda suke ɗebo bayanai, da kuma wanda zai riƙa buɗe allon da abin da buɗewar tasa za ta ci.

Ta ina bayanan ke fitowa?

Tun ranar 1 ga Yuli 2023, da tsohon Universal Analytics ya daina karɓar bayanai, duk mai amfani da na kyauta ya koma GA4, wato sabon Google Analytics, da mai so da marar so. GA4 yana sakin abin da ya tara ta hanya biyu, kuma sai ka fahimci wannan kafin kwatancen ya yi maka ma'ana.

Ta farko ita ce API, ƙofar da wata manhaja ke bi ta yi wa GA4 tambaya. Manhaja ta aika tambaya, a ce yawan ziyarar kwana talatin bisa inda mutane suka fito, GA4 ya yi lissafinsa ya miƙo amsa. Ta biyu ita ce kwashe ɗanyen bayanai zuwa BigQuery, rumbun bayanai na Google, inda kowane buɗe shafi da kowane danna maɓalli ke da layinsa. Ta farko sayen gari ce a kasuwa: an riga an niƙa, sai tuƙi, amma ba ka da ta cewa kan yadda aka tankaɗe. Ta biyu buhun dawa ce, komai na hannunka, har da wahalar surfe da kai wa inji.

Hanyar API tana da ma'auni. Kowace tambaya tana cin wasu maki daga kason da aka ware wa shafinka, kuma a GA4 na kyauta kason bai wuce 200,000 a rana ba, 40,000 a awa, sannan ba a amsa tambaya fiye da 10 a lokaci guda. Ban da haka, amsar da ke zuwa ta riga ta bi ta hannun GA4: idan layuka suka yi yawa yakan dunƙule ƙananan a layi guda na "sauran", wani lokaci ya ɓoye layin da mutanensa kaɗan ne don kada a gane ko su wane ne, kuma alƙaluman jiya suna iya ci gaba da motsi har awa 24 zuwa 48.

Hanyar BigQuery, wadda a da sai masu biyan Analytics 360 ke samu, yanzu a buɗe take ga kowa, muddin shafin bai wuce aukuwa miliyan 1 a rana ba, wato buɗe shafi, danna maɓalli da makamantansu. BigQuery na ba da ajiyar GB 10 da binciken TB 1 kyauta kowane wata, wanda ya ishi yawancin ƙananan shafuka. Illarta biyu. Ba ta waiwaye: daga ranar da ka haɗa take fara tarawa, abin da ya wuce ya wuce. Sannan sai da wanda ya iya SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, kuma ba SQL ɗin 'yan koyo ba, domin GA4 yana cusa bayanan kowace aukuwa a ƙunshe cikin juna, sai an warware su kafin ko adireshin shafin da aka buɗe ya fito.

Looker Studio a kan hanyar farko take zaune, tana kuma iya bin ta biyu. Power BI na bin duka biyun. Metabase ta biyu kawai ta sani.

Looker Studio

Ta fito a 2016 da sunan Data Studio, aka sauya mata suna a Oktoba 2022 bayan Google ya sayi kamfanin Looker a kan dala biliyan 2.6. Kyauta ce, a burauza take aiki, kuma duk mai Gmail zai iya farawa yanzu. GA4, Google Ads, Search Console mai nuna yadda ake samun shafinka a binciken Google, YouTube, Google Sheets, BigQuery, duk 'yan gida ɗaya ne, danna biyu ko uku ka haɗa su. Wanda bai taɓa gani ba zai iya fitar da allo mai amfani a yini guda, kuma ba na jin ɗaya daga cikin sauran biyun za ta ba shi haka.

Babban abin da take da shi, a ganina, shi ne rabawa. Kamar takardar Google Docs ake raba allon: ka ba mutum izinin kallo, ko ka tura adireshi. Mutum biyar ne ko hamsin, ba a biyan ko sisi. Za ka iya sa ta riƙa aika allon a matsayin PDF ta imel kowace Litinin da safe, kuma ga mai gidan da ba zai taɓa tuna adireshi ba wannan ya fi allon kansa amfani. Sai dai a kula, asalin shafinta faɗin kwamfuta ne. Idan a waya za a riƙa dubawa, a tsara shi siriri tun farko, in ba haka ba mutum zai yi ta jan allo da yatsu biyu har ya gaji ya daina buɗewa.

Matsalarta ta farko ita ce kason nan na API. Tun Nuwamba 2022 ya fara aiki a kan allunan Looker Studio, kuma mutane da yawa sun wayi gari sun ga jadawalansu sun koma akwatunan saƙon kuskure. Dalilin a fili yake: kowane jadawali tambaya ce mai zaman kanta. Shafi mai jadawali ashirin, ma'aikata uku su buɗe shi tare ana shirin taro, kowa yana sauya kwanan wata, an haura tambaya 10 nan take. Google ya ƙara kason daga baya, abin ya yi sauƙi, amma bai kau ba. Maganin shi ne rage jadawalai a kowane shafi, ko amfani da mahaɗin Extract Data, wanda ke ɗebo bayanan sau ɗaya ya ajiye har MB 100, allon ya riƙa karantawa daga can.

Ta biyu ta fi ciwo ga mai talla: babu mahaɗin kyauta daga Google zuwa tallan Facebook da Instagram, haka TikTok. Ko ka biya wani kamfani irin Supermetrics ko Windsor.ai kowane wata da dala, ko ka riƙa sauke rahoton Meta kana zubawa a Google Sheets da hannu. Kyautar Looker Studio a nan take tsayawa. Ga wanda ke kashe ɗan kuɗi a talla, zubawa da hannu sau ɗaya a mako ba abin kunya ba ne, minti goma ne, kuma sau da yawa kuɗin mahaɗin zai iya kai wani babban yanki na kuɗin tallan kansa.

Ta uku ita ce haɗa tebura. Tana yarda ka gauraya har biyar a jadawali guda, amma a nan ne ake yin kuskuren da ba ya nuna kansa. A ce ranar Talata ka kashe naira 50,000 a talla, layi ɗaya ke nan a teburinka. Teburin GA4 kuwa yana da layi huɗu na wannan Talatar, domin mutane sun shigo daga wurare huɗu. Idan da kwanan wata kaɗai ka haɗa su, 50,000 ɗin za ta zauna a kowane layi, jimla ta nuna 200,000. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Sai mai gida ya ga kuɗin tallan wata ya ninka huɗu ya kira ka.

Akwai kuma batun mallaka, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ya faru. A Looker Studio ta kyauta, allon da mahaɗansa na wanda ya ƙirƙira ne, kuma galibi da izininsa ake ɗebo bayanan. Idan da Gmail ɗinsa na kansa yaron ya haɗa, ranar da ya bar aiki aka cire shi daga GA4, allon ya mutu. A buɗe asusu na kamfani tun farko, a gina komai a cikinsa. Looker Studio Pro, wadda ake biya, tana mayar da mallakar hannun kamfani, amma ƙaramin wuri zai iya kauce wa matsalar ba tare da ita ba.

Power BI

Ta fito ga kowa a Yuli 2015, kuma jininta na Excel ne. Wanda ya saba da Power Query ko teburin Pivot zai ji kamar ya shigo unguwarsu. A Power BI Desktop ake gina allon, kyauta ce, amma a Windows kaɗai take aiki, mai Mac sai ya nemi dabara. Wani alherinta da ba a faɗa: tana sauke bayanan cikin fayil, don haka ko intanet ya yanke za ka ci gaba da aiki. Looker Studio ba ta motsi sai da intanet.

Inda ta yi wa Looker Studio nisa shi ne tsara alaƙar tebura. Kana da teburin ziyara daga GA4, na kuɗin talla, na ciniki, na kaya, sai ka kafa teburin kwanaki guda a tsakiya kowa ya jingina da shi. Kuskuren 200,000 ɗin can ba ya faruwa a irin wannan gini, domin kowane tebur da kansa yake yin jimlarsa. Da yarenta na lissafi, DAX, za ka rubuta ma'auni sau ɗaya, a ce kuɗin da aka kashe kafin a samu kwastoma guda, ya yi aiki a kowane jadawali.

Ga misalin da ya shafi duk mai sayar da atamfa, turare, dabino ko kayan yara. Kowace manhaja tana da hanyar kwatanta wannan wata da irinsa na bara. Amma a Nijeriya azumin 2024 ya kama ne a 11 ga Maris, na 2025 kuma a 1 ga Maris. Wanda ya jera Maris da Maris zai ga ciniki ya yi tsalle, ya jera Afrilu da Afrilu ya ga ya faɗi, alhali Sallah ce ta matso da kwana goma ko sha ɗaya, ba tallan ne ya gyaru ko ya lalace ba. A Power BI sai ka ƙara ginshiƙi a teburin kwanaki, "kwana nawa ya rage Sallah", ka kwatanta goman ƙarshe da goman ƙarshe. A Looker Studio ma ana yi, ta hanyar zaɓar kwanakin kwatance da hannu ko gauraya kalanda daga Sheets, amma aikin maimaici ne, kuma kowace shekara sai an sake taɓa shi.

Tarkonta kuwa yana wajen ƙidayar mutane. Idan ka sauke alƙaluman GA4 rana-rana ka tara, yawan maziyarta zai kumbura. Mace ɗaya ta leƙo shafinka Litinin, Talata da Laraba: kowace rana an ƙirga ta ɗaya, ka tara ka samu uku, GA4 kuwa a rahoton mako ɗaya zai ce. Looker Studio da ke haɗe kai tsaye ba ta faɗawa nan, saboda duk sauyin kwana sai ta koma ta sake tambayar GA4. A Power BI, ko ka tsaya kan abubuwan da ake iya tarawa, irin yawan buɗe shafi da yawan oda, ko ka bi ta BigQuery ka ƙirga mutanen da kanka. Wannan tarkon yana kama mai Google Sheets ma.

Sai kuɗi. Ginawa kyauta, rabawa da kuɗi. Lasisin Pro ya tashi daga dala 10 zuwa 14 ga kowane mutum a wata tun Afrilu 2025, kuma mai kallo ma sai ya mallaki lasisi, ba mai ginawa kaɗai ba. Mutum shida dala 84 ke nan a wata, 1,008 a shekara, ka juya su zuwa naira ko sefa da farashin yau ka gani. Akwai babban tsarin da ke barin masu kallo su shiga ba lasisi, amma na manyan kamfanoni ne. Rajista ma ba a yin ta da Gmail, sai imel na wurin aiki ko makaranta. A Pro ana sabunta bayanai har sau 8 a rana, kuma girman bayanan allo guda bai wuce GB 1 ba, wanda ya wadatar ga harkar talla. Ma'aikatar da ta riga ta sayi Microsoft 365 E5 tana da Pro a ciki, a duba kafin a sake biya.

Wasu don gudun lasisi sukan danna Publish to web su tura adireshin. Kada ka yi haka da bayanan kamfani. Wannan maɓallin yana buɗe allon ga duk duniya ne, ba kalmar sirri.

DAX ba ta koyuwa a mako guda. Idan babu wanda zai zauna mata a wurinku, Power BI za ta zama Looker Studio mai tsada.

Metabase

Ita wannan, wadda ta fito a 2015, daban take tunani. Ba ta san talla ba, ba ta san GA4 ba, rumbun bayanai ta sani: PostgreSQL, MySQL, BigQuery da ire-irensu. Ka ɗora ta a sabarka, ka nuna mata rumbun, ma'aikata su riƙa yi mata tambaya ta danne-danne ko da SQL. Ba a biyan kuɗin kowane mutum a wadda ka ɗora da kanka, sabar kawai za ka biya, da lokacin wanda zai riƙa sabunta ta yana ajiye kwafin bayananta. Kamfanin yana da tasa da yake riƙe wa mutane a biya shi, kuma rabon izini mai zurfi, irin kowane reshe ya ga nasa kaɗai, yana cikin ɓangaren biya.

Wurinta shi ne kamfanin da cinikinsa ke kammaluwa a cikin manhajarsa ko shafinsa: rajista, oda, biya, duk suna rumbunsa. A nan za ka iya tambayar abin da GA4 shi kaɗai ba zai amsa ba, misali cikin waɗanda suka shigo ta tallan Instagram a Janairu, nawa ne suka sake saye kafin Afrilu. Zanenta bai kai na sauran ado ba, kuma ba za ka yi mata kwalliyar da za a kai gaban kwastoma ba. Wanda ya bar GA4 ya koma Matomo, wata manhajar ƙirga maziyarta da ake ɗorawa a sabar kai, wadda a da ake kira Piwik kafin 2018, bayanansa suna cikin MySQL ɗinsa, Metabase na iya karanta su kai tsaye. Idan ba ku da injiniya ko ɗaya, ku wuce ta.

Abin da babu wadda za ta gyara maka

Yanzu ga inda nake ganin yawancin alluna suke faɗuwa, kowace manhaja aka yi su da ita. Dubi yadda ciniki yake tafiya a shaguna da yawa na Kano, Kaduna ko Maraɗi. Mutum ya ga talla a Instagram, ya shiga shafi, ya ga leshin da yake so, ya danna maɓallin WhatsApp. A can ake taya wa, a can ake sallamawa, ya yi tiransifa, alat ya shigo wayar shago. GA4 ya ga shigowa, ya ga danna maɓallin, daga nan idonsa ya rufe. Ko sisin kobo bai gani ba.

Saboda haka abu na farko, a sa danna maɓallin WhatsApp ya zama muhimmiyar aukuwa a GA4. Yana kama danna adireshin da ke fita waje da kansa idan an kunna, abin da ya rage shi ne ware na wa.me, wato adireshin WhatsApp, a ba shi suna. Na biyu, a buɗe tebur a Google Sheets, ginshiƙi biyar sun isa: kwanan wata, kaya, kuɗi, garin da za a kai, da inda mai saye ya gan ku. Wannan na ƙarshe tambaya ce da yaron shago zai riƙa yi: "Hajiya, a ina kika ga kayanmu?" A sa masa jerin zaɓi a ginshiƙin, kada a bar shi ya rubuta da hannu, in ba haka ba za ka tarar da "insta", "IG" da "Instgram" a matsayin wurare uku. Lambar waya da sunan kwastoma kada su shiga teburin da allon ke karantawa. Ƙa'idar Google Analytics ta hana a tura masa irin waɗannan, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin kiyaye su a kan wanda ya tara.

Wannan teburin shi ne gaskiyar cinikinka, kuma yana sauya kwatancen. Idan a Sheets kuɗinka suke kwana, Looker Studio ce maƙwabciyarsu, tana sabunta su duk minti 15.

Sai alamar UTM. Wanda ya danna adireshinka daga sitatus ko zauren WhatsApp, sau da yawa GA4 ba ya sanin daga ina ya zo, sai ya jefa shi cikin Direct tare da waɗanda suka rubuta adireshin da hannu. Haka za ka ga rabin ziyararka ba ta da asali. Maganin shi ne liƙa wa kowane adireshin da za ka raba wutsiya irin wannan: ?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=sallah. A rubuta da ƙananan baƙaƙe koyaushe, domin GA4 yana ɗaukar WhatsApp da whatsapp a matsayin abu biyu. A ajiye sunayen a tebur guda kowa ya kwafa daga can.

Kuma ka shirya wa ranar da mai gida zai ce, "Facebook ya ce mutum ɗari, naka ya ce sittin, wanne ne maƙaryacin?" Babu. Meta, a tsarinsa na asali, yana ɗaukar alhakin wanda ya saya cikin kwana 7 da danna talla, ko cikin kwana 1 da ganinta kawai. GA4 ba ya ganin wanda ya kalla bai danna ba, yana kuma raba yabon tsakanin hanyoyin da mutum ya bi. Ƙari a kan haka, burauza mai toshe talla tana hana shi ƙirga wasu gaba ɗaya. A duba kuma ko agogon asusun tallan da na GA4 ɗaya ne, don idan ɗaya yana kan lokacin Amurka, cinikin dare zai faɗa wata ranar. A allo, kowace lamba a rubuta mai ita a kanta, kada a haɗa su a kira su jimla.

Taswira kuwa, ni ba na sa ta. Da adireshin IP ake hasashen gari, kuma na layin waya sau da yawa inda kamfanin sadarwa ya fitar da hanyarsa yake nunawa, sai mutumin Gusau ya bayyana a Legas. Ginshiƙin "garin da za a kai" na teburinka ya fi ta gaskiya.

To, wacce?

Shago ko ƙaramin kamfanin da ke talla a Google da Meta, ciniki na ƙarewa a WhatsApp, masu duba allon ba su wuce mai gida da mutum biyu ko uku ba: Looker Studio da Google Sheets, ba tare da dogon tunani ba. Haka gidan jarida ko mai shafin da abin da ya dame shi shi ne masu karatu da Search Console. Mai yi wa kamfanoni da yawa talla shi ma ita ce ta fi masa, saboda zai kwafi allo guda ya sauya mahaɗi ga kowane kwastoma ba tare da sayen lasisi ba, sai dai shi kam ya sa kuɗin mahaɗin Meta cikin farashinsa, zubawa da hannu ba za ta ɗauke shi ba.

Power BI ta cancanci kuɗinta ne idan tambayar ta wuce talla ta shiga riba: kuɗin kaya, dakon kaya, abin da aka dawo da shi, rassa da yawa, kowane manaja ya ga reshensa kaɗai. Idan akawun ku a Excel yake rayuwa kuma ofis yana kan Microsoft 365, rabin hanyar an riga an ci. Metabase ta masu manhaja ce da injiniyoyinsu. Gama biyu ma ba laifi ba ne: wurare da yawa suna barin 'yan talla da Looker Studio, sashen kuɗi da Power BI. Abin gudu shi ne kowanne ya ƙirƙiro ma'anarsa ta "sabon kwastoma".

Babu maɓallin ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya. Ranar da ka bar Looker Studio, jadawalai da lissafin da ka rubuta a cikinta sai an sake su daga tushe. Don haka lissafi mai nauyi a yi shi a Sheets ko BigQuery, allon ya zama mai nunawa kawai.

Ko wacce ka ɗauka, akwai saiti biyu da ba sa jira. A GA4, ajiyar bayanan aukuwa tana zuwa a kan wata 2, ka mayar da ita wata 14, iyakar abin da na kyauta ke bayarwa. Sannan ka kunna kwashewa zuwa BigQuery ko da ba ka da mai SQL yanzu, tunda ba ta waiwaye, ka haɗa da ta Search Console, wanda shi ma wata 16 kaɗai yake riƙewa. Idan ba ka sa katin biya ba, BigQuery zai bar ka a matakin gwaji, inda kowane tebur ke gogewa bayan kwana 60. Bayan ka sa katin ma wa'adin ba ya cire kansa, sai ka shiga saitin rumbun ka cire shi, ka kuma cire na teburan da suka riga suka shiga. Kuma kada ka jona allo kai tsaye da ɗanyen teburan, domin duk buɗewa tana cin kason binciken wata. A rubuta tambaya guda da za ta riƙa gudana kowace safiya tana fitar da ƙaramin tebur na taƙaice, allon ya karanta daga shi.